Makuba a Cikin Ƙugu

Shekara arba'in ina bisa katanga a Rafindadi,
ban taɓa faɗowa ba.
Sai da na sauka na bar wa yara aikin,
santsin bakin rijiya ya kayar da ni,
ƙugu ya ce ƙaras, kamar karan dawa a rani.

A asibiti Dakta Zuwaira ta zo da abin a hannu,
ɗan'uwan wanda za a sa mani, na nuni.
Ƙarfe ne, ya kai taƙi guda,
da ɗan kai kamar ƙwan zabo.
Na ce, ɗiyata, ƙarfe da nama ina suka san juna?
Na ga ƙusa cikin azara,
na ga abin da damina uku ke yi mata.

Ta ce, Baba, shafa ka ji.
Na shafa. Yatsan da ya san tubali ɗanye da busasshe
ya ji wani sulɓi da ba na ƙarfe ba.
Ta ce riga aka yi mashi, dangin roba,
ba ta kai kaurin bawon albasa ba.
Jini yana da 'yan gadi, in ji ta,
in suka ga baƙo tsirara sai su yi mashi taron dangi,
wuri ya kumbura, ya ɗau zafi,
ƙwayoyin cuta su samu inda za su kafa bukka.
Rigar ce ke yi mashi sallama.
Akwai magani a jikinta,
tana sakin shi kaɗan-kaɗan kamar zufar sabuwar randa,
in ƙashi ya kama, ita kuma sai ta narke.

Na yi dariya har ƙugun ya tuna mani da kanshi.
Na ce, ai wannan makuba ce!

Ba ta san makuba ba. Ɗiyar siminti.
Na kwanta a gadonta ina koya mata:
bawon ɗorawa, a jiƙa a tukunya ya kwana,
ruwan ya yi duhu, ya yi ɗaci,
a kwaɓa yaɓe da shi, a bi bango a shafe.
Maigidana Mati Gajere, Allah ya ji ƙanshi,
yakan ce bango da ruwa ba su da tsohuwar gaba,
mai shiga tsakani suka rasa.
Ta ciro biro ta rubuta a bayan takardar magani.
Ban tambaye ta abin da za ta yi da shi ba.

An yi aiki ranar Talata.
Dare bakwai ina kasa kunne ga cinyata
kamar mai jiran ɗigar soro a ruwan farko.
Shiru.
Ba zazzaɓi, ba ruwa a ɗinki.

Wata huɗu, ta ɗaga hoton ga hasken taga:
ƙashina ya rungumi baƙon.
Na ce, rigar fa?
Ta ce ta yi nisa da tafiya.
Wani can da ban san garinsu ba
ya zauna ya auna, ya kwaɓa, ya ɓata, ya sake,
kuma ko sunanshi babu a takardar sallama.
Haka dai. Mai wucewa katanga yake yabo,
ban taɓa jin wanda ya tsaya ya gaida makuba ba.

Jiya na taka har Ƙofar Marusa da sanda.
Akwai wani zaure da na gina ina saurayi,
magada sun lulluɓe shi da siminti.
Simintin ya ɓamɓare, ya buɗe baki,
jar ƙasar na ciki tana zuba kamar gari.
Na daɗe da tafin hannuna a kai.

Da na koma gida na kira jikana Lawandi,
na ce gobe in ya shiga kasuwa
ya tambayo mani ko har yanzu ana samun bawon ɗorawa,
da kuma nawa buhu.